Gonar da Ba a Rubuta Ba

Taɓo ya riƙe takalmin Nazifa, ta bar masa shi ta ci gaba da ƙafa ɗaya a tuɓe, waya a ɗage sama. Ambaliyar kogin Rima ta janye daga fadamar Zauro, ta tafi da duk wata kunyar gona da turken iyaka. Manoma sun yi cincirindo, kowa na jiran a nuna masa gonarsa kafin dashen shinkafar rani.

Ita ta rubuta wa ƙungiyarsu manhajar rajistar gonaki. Ranar da ta ce bayanan za su zauna cikin wayar kanta, a ɗan rumbun SQLite, fayil guda tal, abokin aikinta Jide ya yi dariya har da riƙe ciki a ofishinsu na Birnin Kebbi. Shi komai sai an ɗora a intanet. To, yau ga Jide a fadama yana ɗaga wayarsa yana neman sabis kamar mai roƙon ruwa. Ta Nazifa kuwa ko a jikinta. A faɗi suna, gona ta fito da kusurwoyinta huɗu, Sarkin Noma ya kafa turke.

Sai aka zo kan wata tsohuwa, Inna Kulu. Nazifa ta rubuta sunan sau uku, babu.

"Ɗiyata, sadda kunka zo rubutu ina takaba, ba ni fita," in ji tsohuwar. "Amma wagga gona shekara talatin muna nomanta da marigayi."

Dikko, mai gonar da ke kusa, ya gyara tsayuwa. "Sarkin Noma, ka dai ji. Ba ni nac ce ba, na'ura tac ce. Tun daga nan har bakin ruwa tawa ta."

Nazifa ta sake duba wayar. Da aikin hannunta za a raba tsohuwa da abincinta, tana tsaye tana kallo. Kunya ta kama ta, har ta kasa haɗa ido da Inna Kulu.

Nan ta tuna da rigimar da aka sha lokacin rajista. Manoman sun ƙi yarda lambobi kaɗai su tsaya musu. Kowa sai ya faɗi gonarsa yadda ya gada: gabas wane, yamma wane. Jide ya ce ɓata lokaci ne, ita kuwa ta buɗe wa maƙwabta jadawali na daban, ta ɗaure shi da na gonaki.

Ta juya tambayar. Maimakon ina gonar Kulu, ta tambayi rumbun su wa suka ambaci Kulu a maƙwabtansu. Kafin ƙiftawar ido layi uku suka fito. Ta fara kiran masu sunayen cikin taron.

"Malam Musaddiq, kudu da kai wa?"

"Kulu ta."

"Malam Hodi, arewa da kai fa?"

"Kulu, matar marigayi."

Nazifa ta ɗaga murya, don daɗi ya riga ya cika mata ciki. "Na ukun ya ce, yamma da shi, Kulu. Ranar Talata aka rubuta, da bakinsa ya faɗa. Baba Dikko, sunanka ne a jiki."

Fadama ta kaure da dariya. Dikko ya cire hula ya sosa ƙeya. "Ashe abin ga ba shi mantuwa?"

"Ba mu munka ce ba," in ji Sarkin Noma. "Na'ura tac ce."

Jide ya soke wayarsa a aljihu, ya karɓi turke ya shiga taɓo da kansa. Tsakanin gonaki ukun da bakin ruwa, fili ya fito daidai wa daida.

Nazifa ta buɗe sabon layi ta rubuta sunan tsohuwar. "Inna, gabas da ke wa zan sa?"

Inna Kulu ta dubi Dikko.

"Sa Dikko, ɗiyata. Ya shaide ni ina ɗaka. Wata shekara ruwa na zuwa, shi ma shina son shaida."