Dattawan Girka a Siton Taba

A shekarar 1843 Idirisu yana cikin masu ɗaukar kujera a Salvador, wani gari can hayin babban teku inda aka kai bayi da yawa. Kujerar mai labule ce, mutum biyu ke saɓa sandarta a kafaɗa su hau da mai hali daga bakin teku zuwa unguwar Pelourinho da ke kan tudu, don tudun garin ba ya hawuwa ga mai tumbi. Shi Bakatsine ne, an kawo shi yana saurayi, ya daɗe yana bauta kafin ya fanshi kansa ya auri Fatsuma mai ƙosai. Abokin saɓarsa Yusufu ya girme shi sosai. Bazazzagi ne mai yawan tsaki, ko ruwan sama aka yi sai ya ce bai kai na gida ba.

Wata safiya suka ɗauko wani tsohon Bature ɗan Italiya mai suna Otabiyo. Shi ne shugaban wasu 'yan wasan kwaikwayo da suka sauka garin, suka kama hayar wani tsohon siton taba suka mai da shi gidan wasa. Tun daga gindin tudu yake ƙunƙuni a bayan labule. Su kuwa suka kama waƙar da suka saba yi don daidaita ƙafa, Idirisu yana bayarwa, Yusufu yana amsawa da muryarsa mai kauri.

Sai labule ya buɗe, kan tsohon ya leƙo.

"Ku tsaya! Ku sake wannan!"

Suka sauke shi a tsakiyar hanya. Da guntun harshen Fotugal ɗinsa da nasu aka fahimci juna. Ashe matuƙan jirgin da ya yi wa alkawarin aiki a wasansa sun bi jirginsu sun tafi, ga shi ranar Lahadi za a buɗe. Yana neman maza masu murya waɗanda suka iya tafiya tare.

Da la'asar Idirisu ya tattaro abokan sana'a, duk Hausawa, suka je siton. Otabiyo ya zaunar da su a kan akwatuna, ya hau bayani kamar mai wa'azi.

"Wannan sana'a a wurin Girkawa ta faro," in ji shi. "Sukan sassaƙe gefen tudu su yi wurin zama, gari duka ya fito. 'Yan wasa su rufe fuska. A gefe kuma akwai dattawan gari, suna ganin duk masifar da ke tafe, suna faɗi da waƙa, amma ba sa hana komai. Ku ne dattawan."

"Wato 'yan amshi," in ji Yusufu da Hausa.

Otabiyo bai ji ba, ya riga ya wuce. Ya ce Rumawa sun karɓa sun ƙara hayaniya da namun daji. Daga baya abin ya koma hannun limaman coci, suna yawo da shi a kan amalanke. Sannan mutanen ƙasarsa, nan ya dafa ƙirji, suka tono tsofaffin wasannin suka kakkaɓe musu ƙura, suka koyi zana titi a jikin ƙyalle har mutum ya ji kamar ya shiga. Ya ja igiya, wani ƙaton ƙyalle ya warware, sai ga gari da ginshiƙai. Ɗaya daga cikin masu kujera ya tashi ya je ya taɓa don ya tabbatar.

"Yaya Yusufu, ai tashe ne," in ji Idirisu. "Sai dai babu azumi."

"Tashen gida ya fi wannan tsari."

Da aka fito da fuskokin kwali masu farin gemu da buɗaɗɗen baki, kowa ya yi dariya. Da aka fito da rigunan, dariyar ta tsaya. Farare ne, dogaye har idon sawu. Tun bayan tayarwar da Musulmi suka yi a garin shekarun baya, farar riga kaɗai tana iya kai mutum kurkuku, balle a ga Hausawa sun taru a cikinta.

Idirisu ya yi wa Otabiyo bayani. Tsohon ya ɗaga kafaɗa. Ya ce akwai fuska, akwai safar hannu, akwai ta ƙafa, ko uwar mutum ba za ta gane shi ba. Yusufu ya ɗauki riga ɗaya ya shafa ta a hankali, ya zura, ya gyara wuyanta, ya tsaya haka na ɗan lokaci yana kallon hannayen rigar. Sannan ya yi gyaran murya ya ce ɗinkin banza ne.

Saura magana ɗaya. A ƙarshen wasan, idan rigimar sarkin cikin labarin da ƙanensa ta ƙi warwaruwa, wani abin bautar Girkawa zai sauko daga sama a kan igiya ya raba gardama, dattawa su rusuna masa. Mai yin sa wani ƙaton ɗan Lisbon ne, Bento, wanda a lokacin yake gefe yana cin ayaba.

"Gaya wa tsohon ni ba zan rusuna wa wannan ba," Yusufu ya ce wa Idirisu.

Aka daidaita a kan cewa dattawa za su ja da baya kawai, kamar masu mamaki.

Da Idirisu ya ba Fatsuma labari a gida, sai da ta ajiye ludayi don dariya.

"Malam, kai ne dattijon Girka? To me za ka ce?"

"Wayyo mu, da harshensu. Shi ke nan. Sai mu taka hagu, mu taka dama."

"Zan kai kaskona ƙofar. In ba a bar ni na shiga ba, ai akwai taga."

Ranar Lahadi da yamma sito ya cika. A layin gaba, daf da dandamali, ga wani babban jami'in 'yan sanda da matarsa. Idirisu ya hango shi ta ramin idon kwali, gumi ya gangaro masa har cikin gemun. Amma da suka fito a jere, ƙafa ɗaya, murya ɗaya, sai ya ji tsoron ya sake shi. Sarki ya yi ihu, ƙanensa ya zare takobin katako, sarauniya ta suma a kan matashin da aka tanadar mata. Dattawa suka ce wayyo mu, suka taka hagu, suka taka dama. Muryar Yusufu har girgiza rufin siton take. Matar jami'in ta fiddo hankici.

Sai lokacin saukowa ya yi. Aka kaɗa faifan ƙarfe a baya don tsawa. Bento ya bayyana daga sama da hular takarda mai ruwan zinariya, yana saukowa a hankali, hannuwa a buɗe. Yana kaiwa rabin hanya igiya ta cije.

Ya tsaya cak, sannan ya fara juyawa. Ya faɗi rabin jawabinsa ga 'yan kallo, sauran rabin ga bango. Da ya sake zagayowa fuskarsa ta yi ja, ɗamarar da aka rataye shi da ita ta shige masa ciki. Wani a baya ya ƙyalƙyale. Sarki ya manta maganarsa. Daga sama kuma gungumen da aka ɗaura igiyar ya yi wata ƙara wadda duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya ya san ma'anarta.

Idirisu ya dubi Yusufu, Yusufu ya dubi kujerar sarautar da ke tsakiyar dandamali. Ba su yi shawara ba. Suka ture sarki gefe da ladabi, dattawa suka kama kujerar ta kowane ɓangare suka ɗaga ta sama har ta tokari Bento. Mai igiya ya gane, ya yanke. Bento ya faɗo cikin kujera da nauyinsa duka, gwiwoyin dattawa suka lanƙwashe. Don kada ƙafa ta saɓa, bakin Idirisu ya buɗe da kansa, da Hausa:

"Wannan kaya na wane ne?"

"Na sama ne, ya faɗo!" in ji Yusufu.

"Me yake ci ya yi haka?"

"Ayaba!" dattawa suka amsa gaba ɗaya.

Suka zagaya dandamali da shi suna waƙar, rigunan suna kaɗawa. Bento da ya ga bai mutu ba, sai ya gyara hularsa ya ƙarasa jawabinsa daga kan kujera, ya sulhunta sarki da ƙanensa yana nuna su da yatsa duk lokacin da aka wuce ta gabansu. 'Yan kallo suka miƙe suna tafi. A bakin taga kuwa Fatsuma da sauran mata masu talla sun riƙe ciki, ɗaya har ta zauna a ƙasa.

Da aka tashi, jami'in ya nufo bayan dandamali. Dattawa suka jeru a jikin bango, ba wanda ya cire fuskarsa. Ya gaisa da Otabiyo, ya ce bai taɓa ganin saukowa irin wannan ba.

"Amma waƙar ƙarshen nan, wane harshe ne?"

Otabiyo ya dubi dattawansa.

"Girkanci ne, ranka ya daɗe. Tsohon Girkanci."

"Haka na zata," in ji jami'in. Ya jinjina wa Yusufu kai, Yusufu ya jinjina masa gemun kwali.

Bayan ya fita, Otabiyo ya zube a kan akwati yana fifita da hularsa. Ya ce gobe ma haka za a yi, da cijewar igiyar da komai. Bento ya ce sai dai a nemi wani, shi bayansa ya riƙe, ko miƙewa ba ya iya yi.

Haka aka cire riguna aka ninke, Idirisu da Yusufu suka kawo tasu kujerar mai labule, suka loda Bento. Fatsuma ta miƙa masa ragowar ƙosai a ganye. Suka kama hanyar masaukinsa rana tana shirin faɗuwa, yana ci yana nishi a bayan labule, yana roƙonsu su taka a hankali.