Kwalba Ɗaya a Bakin Gada

Daren jiya barci ya sace ni da waya a hannu, ina tsakiyar buga wani gem na 'yan Japan, wasan waya da ake yaƙi da dodanni, sai na yi wani mafarki.

Na tsinci kaina a wani gari da rana take tsaye wuri ɗaya. A hannuna akwai takobi mai tsawon ƙyauren shago, amma bai fi cokali nauyi ba. Abokina Tanimu bakanike yana gefena da gatari a kafaɗa, a bayanmu kuma yayata Lantana, wadda ta raine ni, tana riƙe da buta. Kowannenmu da wani koren zare yana lilo a saman kansa. Ba wanda ya gaya mini, amma na san zaren nan shi ne ran mutum, in ya ƙare mai shi ya ƙare.

Mutanen garin kowa magana ɗaya ya iya. Na gaida wani tsoho a bakin rijiya, ya ce, "Gada tana arewa." Na tambaye shi iyali, ya ce, "Gada tana arewa."

Sai ga mu a ofishin ƙarin mataki, inda ake auna ƙarfin kowa. Wata zabuwa ce a kan kujera, da tabarau a ƙarshen baki. Ta ƙare mana kallo.

"Ku biyun nan matakinku ya yi sama. Wannan baiwar Allah fa?"

"Ai ita a baya take tsayawa, ranki ya daɗe," in ji Tanimu.

"A nan sai wanda ya kai duka yake girma. Ku kai ta ciyawa ta bugi fara tukuna. Dodon gada ba da mai ƙarfi yake farawa ba."

Muka shiga ciyawa. Farin wurin kowace ta kai rago, kuma a layi suke suna jiran a buge su. Yaya ta ƙwala wa ta farko buta a ka, farar ta yi godiya ta ɓace, zaren Yaya ya ƙaru kaɗan. Tana shirin bugun ta biyu muka ji ƙasa tana motsi. Gadar ce ta gaji da jira, ta taso da koginta ta same mu.

Dodon yana tsaye a tsakiyarta. Jikinsa duk garwashi ne, ga babbar riga wadda ba ta ƙonewa. A ƙasar nan ba a faɗa a hargitse, bi da bi ake yi, kuma in ba a zo kanka ba ƙafafunka a manne suke da ƙasa.

Ni na fara. Na sare shi, zarensa ya ragu sosai, takobina ya yi ja. Tanimu ya bi da gatari. Da aka zo kan dodo bai ko dube mu ba, ya miƙa hannu ta tsakaninmu ya ɗalli Yaya a goshi. Ina gani, na kasa ɗaga ƙafa. Ta faɗi, zarenta ya koma ja, bai fi tsinken ashana ba. Da aka zo kanta, miƙewa tsaye kawai ta iya yi. Dodon kuwa ya fara jan numfashi, itatuwan bakin kogi suna sunkuyowa wajen bakinsa. Kowa ya gane in aka sake zuwa kansa wuta zai huro.

Aka dawo kaina. Na laluba aljihu, na ji kwalbar magani ɗaya tak.

"Sare shi," in ji Tanimu. "Dubi zarensa. Ka sara, in sara, ya faɗi kafin ya huro."

"In bai faɗi ba fa?"

Na juya wajen Yaya. Ta fara dushewa, har ina hango ruwan kogi ta cikin jikinta.

"Shu'aibu, daina kallona," ta ce, muryarta kamar daga wani ɗaki. "Yi abin da ka ga ya dace."

Dodon ya yi magana ta hanci, kumatunsa a cike. "Yi a hankali, malam. Ba sauri nake ba."

Zaren dodon gajere ne, amma ban san ko sara biyu za su cinye shi ba. Na san dai na Yaya ko hucin wutar ba zai ɗauka ba. Na ajiye takobi, na jefa mata kwalbar. Ta sha, jikinta ya dawo, zaren ya yi kore har rabi.

Tanimu ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya fasa sara, ya kare mu da faɗin gatarinsa.

Wutar ta zo ba ƙara. Ta wuce ta kanmu, kogin ya tafasa, kifaye suka fito suka zauna a kan gada suna fifita. Da hayaƙi ya lafa na ɗaga kai. Nawa zaren ya zama kamar gashi, na Tanimu ma haka. Na Yaya ja ne, amma yana nan.

Aka zo kanta. Ta dubi dodon irin kallon da take yi wa murhun da aka manta ba a kashe ba. Ta karkata buta. Ruwan bai zuba ƙasa ba, a kwance ya tafi har ƙirjinsa. Ya yi cuu, ya yi ta ƙanƙancewa, sai ga babbar riga a yashe da ɗan gawayi a ciki.

Nan take Yaya ta fara hawa mataki. Tana ƙara tsawo, tana ƙarawa, har kallabinta ya wuce kan ɗorawa. Ta sunkuyo ta dube mu.

"Daga yau ni ce a gaba. Ku biyo ni, kuma kada wanda ya taɓa komai."

Sai wata ƙara ta taso daga ƙarƙashin gada, tana girgiza katako. Na ɗauka wani dodon ne, ga shi ba sauran kwalba. Na kai hannu zan ɗauki takobi, na damƙi matashin kai. Injin markaɗen maƙwabta ne aka tayar, gari ya waye, babban yatsana yana ta danna katifa.