Fuskar Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Aikina karanta fuska ne, kuma da shi nake tinƙaho. Shekara tara ina zaune a ɗakin bincike a birnin Saskatoon na ƙasar Kanada ina kallon bidiyon mutane hoto bayan hoto: gira ta ɗaga in rubuta, gefen baki ya motsa in rubuta. Ƙa'idarmu ita ce a kashe sauti. Mu masu fuska ba ma jin abin da mutum ke faɗa, don kada maganarsa ta ja mu. Masu murya kuma suna ɗaya ɗakin, ba sa ganin fuskar. Sai daga baya a haɗa namu da nasu da hoton ƙwaƙwalwa. Ko sunan mutum ba a ba mu, balle ciwonsa, lamba kawai.

Da wannan gwanintar na yanke wa mahaifina hukunci. Ranar da aka binne mahaifiyata, dangi sun cika zauren coci ana cin abinci, shi kuwa yana zaune fuskarsa kamar bango. Na tsaya a kansa, a gaban kowa, na ce, "Baba, shekara arba'in da ɗaya kuna tare, ko gira ba ka motsa ba!"

A hankali ya ce, "Noreen, zuciyata a tsage take."

Na ce, "Bakinka ne ya faɗa. Ni fuska nake karantawa, da ita nake cin abinci." Wata goma sha ɗaya ban sake ɗaga wayarsa ba.

Wata Talata aka ba ni mai lamba arba'in da bakwai, wani tsoho da rigar sanyi mai ruwan toka. Minti ashirin bakinsa na motsi, sauran fuskar ko gezau. Ƙiftawar idonsa ma da yatsu na ƙirga ta. Na cika takardata da sifili, na tafi shan kofi, na tarar da Lorne, shugaban masu murya, yana cusa biredi a baki.

Na ce, "Kai Lorne, ina kuka tono wannan dutsen? In yana da mata, ta sha haƙuri."

Bai yi dariya ba. "Kin miƙa takardarki?"

"Tun ɗazu."

"To an cika ƙa'ida. Zo ki ji, malama mai ganin zuciya."

Ya kai ni ɗakinsu ya kunna sautin. Muryar tsohon ƙasa-ƙasa take. An tambaye shi abin da ya fi damunsa, sai ya ce, "Jikata ce. Ta daina zuwa wurina, wai kullum ina fushi da ita. Ni kuwa in na gan ta, a cikina dariya nake har kunne. Fuskar ce ta daina jin maganata."

Lorne ya ce, "Cutar Parkinson ce. Wani lokaci fuska take fara kamawa kafin hannu ya soma rawa. Ai kin sani, ba ke kike koyar da shi ba?"

Na sani mana! Da bakina na sha faɗa wa ɗalibai. Na tuna yadda muryar Baba ta ragu, yadda rubutunsa a katin Kirsimeti ya ƙanƙance, na ce rowar magana ce. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Ko kofin ban ɗauka ba na fita.

Awa biyu na yi ina tuƙi zuwa garinmu. Na sami Baba a bakin ƙofa, hannun dama cikin aljihu, aljihun yana rawa. Ta taga na hango kwalaben magani a jere.

Na ce, "Baba, tun yaushe?"

"Wata biyu bayan rasuwar uwarki likita ya gano."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Na gaya miki. Sau goma sha huɗu na bar miki saƙo a waya."

Suna nan a wayata, ban saurari ko ɗaya ba. Na kashe masa sauti kamar yadda nake yi a wurin aiki.

Na ba shi haƙuri. Kuma don rashin kunya irin tawa, sai ga ni ina bin girarsa da gefen bakinsa da ido, ina neman alamar ya yafe. Ban ga komai ba.

Ya ce, "Daina dubawa, 'yata. Tun da na hango motarki nake murmushi."

Na rufe idona, na ce ya sake faɗa.