Turmin da Aka Kife

Hoton ya buɗe a kwamfuta: katanga ta zube, sabara ta cinye tsakar gida, ga wani turmi a kife an ɗora masa dutse.

Habsu ta janye hannunta daga madannai.

Aikinta a ofishin nan na Anka bai wuce jera bayanai ba. Masu ɗibar ƙasa su zaga Gummi da Bukkuyum, su turo hoton kowane wuri, ita kuma ta rubuta: tudu ne ko fadama, gona ce, daji ne, ko mazauni. Inda duk aka rubuta mazauni, za a auna ƙasarsa, in da gubar dalma a kankare ta. Daji kuwa, ko kallo bai isa ba. Ita kaɗai ke wuni a ɗakin, sai fanka mai kuka kamar tsohuwar akuya, kuma kaɗaicin yana cin ta.

Muttaka, wanda ya ɗauko hoton, ya leƙo yana neman ruwa.

“Wannan daji ne, Malama. Ko kaza ban gani ba.”

“Gidanmu ne,” in ji ta.

Ya sosa ƙeya, ya fita bai sha ruwan ba.

A tungarsu, mai tashi don kansa da turminsa yake tafiya. Wanda tsoro ya kora kuwa kife shi yake yi, don gida ya san ba sallama aka yi ba. Ranar da 'yan bindiga suka tashe su, Inna ta tsaya kife nata ana janta.

Habsu ta zaɓi mazauni. Sai kwamfutar ta nemi yawan mazauna. Habsu ta sa sifili, kwamfutar ta ƙi karɓa. Na'ura ba ta san kara ba.

Ta kira Inna, wadda ke raɓe a gidan kawun Habsu a Gummi.

“Inna, na ga gida.”

“Turmina na nan kihe?”

“Yana nan.”

“To, madalla. Su gyara ƙasar, ɗiyata. Ni dai komawa za ni yi, ko ni ɗai.”

Habsu ta ajiye wayar, ta rubuta ɗaya. Kwamfutar ta karɓa nan take, ta buɗe hoto na gaba, wata gonar gero a Bukkuyum.

Sai da ta kai rabin bayanin gonar ta lura ba ta ƙirga kanta ba.