Dutsen da Ake Ji da Goshi

Rediyo ba sunanta na yanka ba ne. Mijinta ne ya laƙaba mata tun suna ango da amarya, wai don ita ba ta buƙatar batir: da ta buɗe ido da safe ta kama tasha, ba ta yin shiru sai barci ya ɗauke ta. Shi kuwa kafinta ne, kowa Kafinta yake ce masa, har ita. Yana goge katako yana saurarenta, ya bari sai ta yi nisa ya jefa kalma ɗaya, ta fashe da dariya ta manta inda ta tsaya. A haka suka haifi 'ya'ya, suka aurar, furfura ta fito musu tare.

Sai kunnensa ya fara toshewa. Likita ya ce ƙananan ƙasusuwan da ke can cikin kunnen ne suka ƙame. An ba shi na'urar ji, ya sa ta kwana biyu ya ce fito kawai take yi masa a ka, ya jefa ta cikin gwangwanin ƙusoshi. Da farko yana ce mata, "Me kika ce?" Daga baya ya daina tambaya, sannan ya daina kallon bakinta ma. Makon jiya kuma ya gaya mata, da 'yar siririyar muryar da ta rage masa, cewa zai koma ɗakin bayan shagonsa da kwana.

"Kina wahalar da bakinki, ina wahalar da idona," ya ce. "Gara kowa ya huta."

Ta leƙa shagon ta tarar har ya kai katifa, ya jingina ta da bango. Ba faɗa, ba zagi. Wannan ne ma ya fi ci mata rai, domin faɗa ko ba komai da baki ake yin sa.

'Yar autarsu, malamar asibiti, ita ce ta shirya musu tafiyar. Ta ce akwai wani yanki mai duwatsu da koguna, ta samo musu mota da jagora nasu su kaɗai, wuni guda.

"Duwatsu?" in ji Rediyo. "Ni da nake zaune da dutse a gida, har sai na hau mota neman wani?"

Amma ta yarda, don ta lura ranar da yake cikin mota ba ya cikin wancan ɗakin.

Jagora ya zo da hantsi, wani dogon mutum siriri mai hular rana, da jaka cike da fitilu. Kafinta ya shige gaba ya zauna, ya bar mata bayan motar ita kaɗai. Jagora kuwa ashe ɗan'uwanta ne a wajen zance. Tun kafin su fita gari ya fara zuba wa Kafinta bayani, yana nuni da hannu, Kafinta yana kallon hanya.

"Ɗan nan, da ni za ka yi," ta ce. "Ba ya ji."

"Ko kaɗan, Mama?"

"Sai tsawa. Ita ma in ta matso kusa."

Jagora ya ba da haƙuri, ya mayar da zancen wajenta. Ita kuma kamar yadda ta saba, duk abin da aka gaya mata sai ta maimaita wa ƙeyar mijinta.

Da suka bar kwalta ƙasar ta sake kama. Bishiyoyi suka yi ƙasa, duwatsu suka miƙe. Ba irin waɗanda ta sani ba ne, tarin baƙin dutse a gefen gona. Waɗannan suna tsaye jere-jere, dogaye, da ratsin ja da ruwan ɗorawa da fari, kamar an yi musu ɗinki. Wani ya lanƙwashe ya yi ƙofa, motar ta bi ta ƙarƙashinsa, inuwarsa ta faɗo musu da sanyi. Jagora ya ce ruwa da iska ne suka sassaƙe su, tun ba a san mutum a wurin ba.

Ya tsayar da su a gindin wani ƙaton dutse da ya fi gidansu girma, zaune a kan wani ɗan siririn wuya da mutum biyu za su iya rungumewa. Rediyo ta ƙi matsawa. Ta ce ita ba ta zo a kai gawarta gida a faranti ba. Kafinta kuwa ya shiga ƙarƙashinsa, ya kewaya, ya durƙusa ya leƙa mahaɗar, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, yadda yake yi wa kowane katako ko da ba zai ji amsa ba.

"Ba ƙusa, ba gam," ya ce wa kansa. "Allah mai iko."

"Wallahi kuwa!" ta ce da sauri, tana murnar ya yi magana. "Ka ga can ma, wanda ya yi kama da..."

Sai ya juya mata baya. Maganar ta faɗi ƙasa, ba mai tsinta.

Rana ta take tsaka suka isa bakin kogon. Jagora ya raba musu hular kwano mai fitila a goshi. Tata ta ƙi zama a kan ɗankwali, ta karkace gefe, ta ce Allah ya sa jikokinta ba su gan ta ba. Ƙofar ƙarama ce, sai an sunkuya. Iska mai sanyi tana fitowa daga ciki, da warin jemage da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta yi bisimilla ta bi bayansu, tana dafa bango, tana mitar gwiwarta.

Hanyar ta matse, ta karkata, ta gangara. Can sai bangon ya kuɓuce wa hannunta, Jagora ya ce ta ɗaga kai.

Ta ɗaga. Hasken fitilarta ya tafi, ya tafi, da ƙyar ya taɓa rufin. Daga saman nan duwatsu ne suke zubowa ƙasa, farare, masu tsini, wasu sirara kamar allura, wasu sun kai ƙasa sun zama ginshiƙai. Kowanne da ɗigon ruwa a bakinsa yana ƙyalli. A tsakiya akwai tafki, ruwansa garau, ba motsi, har rufin ya kwanta a cikinsa. In ka duba ƙasa sai ka ga kamar sama kake kallo. Ta wata 'yar ɓula a can ƙololuwa rana ta zuro haske guda, ya sauka a tsaye cikin ruwan. Jagora ya ce kowane ginshiƙi ɗigo ɗaya-ɗaya ne ya gina shi, kuma tun daga haihuwarta zuwa yau bai ƙaru da faɗin farce ba.

Rediyo ta buɗe baki ta rufe. Tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa rasa abin cewa ba sai ranar. Tsoro ya kama ta, irin mai daɗin nan, ta ji ta zama 'yar mitsitsiya. Duk wannan aiki yana nan cikin duhu, ba mai kallo, ba mai yabo, ana ta yin sa. Ta waiga ta ga fuskar mijinta a hasken, bakinsa yana motsi da tasbihi. Taku biyu ne tsakaninsu, amma ba ta da hanyar ce masa ita ma ta gani.

Daga nan suka ratsa wani ƙaramin zaure. Jagora ya matso kusa da ita ya rage murya, duk da ba wanda zai ji.

"Mama, a nan akwai dutse mai ƙara. Shi nake nuna wa baƙi a ƙarshe. Amma na ga gara mu wuce, kada Baba ya ji ba daɗi."

"Ka yi tunani," ta ce. "Mu wuce."

Sai dai Kafinta ya riga ya tsaya. Wani faffaɗan dutse ne baƙi, kwance a kan wasu ƙanana, ƙarƙashinsa fayau. A gefensa akwai ramuka masu santsi kamar cikin ludayi. Ya sa yatsa a ɗaya yana shafawa.

"Wannan ba ruwa ba ne," ya ce. "Aikin hannu ne. Me ake yi a nan?"

Jagora ya dubi Rediyo, ta ɗaga kafaɗa. Ba yadda za a yi. Ya ɗauki wani dunƙulen dutse da ke ajiye a gefe, ya buga cikin ramin.

Ta zaci za ta ji ƙas, irin na dutse a kan dutse. Sai wata ƙara ta tashi, mai zurfi, garau kamar ta ƙarfe, ta cika zauren, ta bi ta hanyar da suka fito ta je ta dawo. Tsigar jikinta ta tashi. Ta dafe ƙirji ta ce, "Subhanallahi!" Kafinta ya dubi fuskarta, ya dubi dutsen, ya gane. Ta ga hasken da ke fuskarsa ya mutu, ya soke hannuwa a aljihu. Ta ji kamar ta tsine wa tafiyar gaba ɗaya.

Jagora ya rikice, kuma wanda ya rikice abin da ya saba yake komawa. Ya ci gaba da karatunsa na kullum.

"To, Mama, saura rabi na biyu. Haka wanda ya koya min aikin yake yi wa kowane baƙo. Ki cire hular, ki toshe kunnuwanki da yatsu sosai, ki ɗora goshinki a kan dutsen."

Ta yi, don kawai a gama a fita. Dutsen sanyi ƙalau. Ta toshe kunnuwa har ba ta jin ɗigon ruwa. Jagora ya buga.

Ƙarar ta shigo ta goshinta. Ta bi ƙashin kanta, ta sauka cikin haƙoranta, ta zauna a tsakiyar kwanyarta tana kaɗawa, ta fi ta farko kauri da kusanci. Ta ɗago a firgice, yatsunta har yanzu suna cikin kunnuwa. Ta zare su a hankali ta dube su. Kunnuwana a toshe suke, ta ce a ranta. A toshe suke, kuma na ji.

Ta kama hannun rigar mijinta. Ya fizge. "Bar ni, Rediyo. Ku yi wasanku." Ba ta bar shi ba. Ta yi ɗage ta cire masa hular da kanta, ta nuna goshinsa, ta nuna dutsen, ta ƙura masa ido da irin kallon da ya san ba a tsallake shi. Ya yi tsaki, ya sunkuya ya ɗora.

"Buga," ta ce wa Jagora.

Ya buga. Gadon bayan Kafinta ya sandare. Hannuwansa suka fito daga aljihu suka dafa dutsen. Bai ɗago ba.

"Ƙara," ya ce.

Jagora ya ƙara. Ya koma rami na gaba ya buga, sannan na gefensa.

"Wannan ya fi siriri," in ji Kafinta. "Koma na farko. Yauwa. Wannan lafiyayye ne, ba tsaga a cikinsa." Hawaye suna ɗiga a kan baƙin dutsen, bai damu ya share ba. Jagora ya tsaya da dunƙulen a hannu, baki buɗe, yana cewa shi tun da yake kawo mutane bai taɓa ganin haka ba.

Rediyo ba ta saurare shi ba. Wani tunani ne ya faɗo mata. In dutse ya sami hanya ta ƙashi, ita ma ai tana da goshi.

"Ɗan nan, je ka duba motarka."

"Mota lafiyarta ƙalau, Mama."

"Na ce je ka duba ta."

Ya dube ta, ya dubi Baba, ya sosa ƙeya. "Ba a barin baƙo a kogo. Amma ina nan bayan lungun can, akwai jemagun da ban gaisa da su ba."

Da haskensa ya ɓace ta ɗago mijinta ta juyo da shi. Kunya ta kama ta, ita da jikoki, kamar yau aka kawo ta. Ta riƙe kansa da hannu biyu, ta jawo shi ƙasa, ta manna goshinta da nasa har ya yi mata zafi. Maganar da ta tara ta shekaru ta taso gaba ɗaya, ta rasa wadda za ta fara fitarwa.

"Kafinta," ta ce da ƙarfi.

Ya rufe ido. Ta ji numfashinsa ya tsaya.

"Sake."

"Kafinta. Kana jina?"

"Kamar daga cikin rijiya," ya ce a hankali. "Amma ke ce. Wallahi ke ce. Muryarki ta tsufa, Rediyo."

"Taka ce ta yi ƙuruciya?" Tana dariya tana kuka, ta ƙara danna goshinta don kada ko kalma ɗaya ta zube. "Ka dawo da katifar nan gida."

A can baya ruwa yana ɗiga cikin tafki, ɗaya bayan ɗaya. Ta jira, ita da ba ta iya jira ba.

"Ni kaɗai na kai ta," ya ce. "Dawowa sai kin kama min gefe ɗaya."

Da la'asar suka fito, duwatsun sun yi ja jawur a hasken yamma. Jagora ya buɗe wa Baba ƙofar gaba. Kafinta ya wuce ta, ya buɗe ta baya ya shiga kusa da matarsa. Jagora ya ɗan karkatar da madubi ya tayar da mota.

Ba su yi nisa ba Kafinta ya kwantar da kansa ya jingina da nata.

"To, ina jinki," ya ce. "Ɗazu a gindin dutsen nan, wanne ne kika ce ya yi kama da me?"

Ta ɗago ta dube shi. Ashe ya ga bakinta. Ta mayar da kanta inda yake, ta gyara murya, ta fara daga nan.