Ƙudan Zuman Baba Wilf

La'asar ce, yayyafi bai tsaya ba tun safe, hazo ya sauko daga kan dutse har ya rufe hasumiyar cocin. Na shiga shagon Doreen sayen burodi, ɗaya namu, ɗaya na Inna Muriel.

Wendleby ba wani gari ba ne. Titi ɗaya gare mu, ya bi gefen rafi daga gada zuwa coci. Makarantar da na ɗan yi an rufe ta, 'yan birni ke kwana a ciki lokacin hutu. Motar haya sai ran Alhamis. Shagon Doreen shi ne gidan waya, nan ne kuma ake jin labarin kowa.

"Lenny, kai da kake shiga gidan," in ji Doreen tana naɗe burodin, "Muriel ta gaya wa ƙudan zuman kuwa?"

"Ban sani ba."

"Kai me ka taɓa sani? Mijinta Wilf ya kusa wata guda a kabari. Mutanen gidan Fawcett ma haka suka yi sakaci zamanin kakata, kafin lokacin kaka ba ƙuda ko ɗaya a amyarsu."

A wajenmu in maigida ya rasu, da makullin gida ake zuwa bakin amya, a ƙwanƙwasa, a faɗa musu, a ɗaura baƙin ƙyalle. In ba a yi ba, tashi suke yi. Baba Wilf kuwa ba shi da abin da ya fi ƙudan zumansa. Shi ya koya mini gyaran katangar dutse, bai taɓa yi mini tsawa ba duk da nawata.

Gidansu ne na ƙarshe kafin hawan dutse. A bayan lambun akwai 'yar ƙofar katako da ke buɗewa kan Hanyar Gawa. Da can, kafin cocinmu ya sami maƙabarta, ta nan ake ɗaukar mamata a kafaɗa a haye dutse da su zuwa garin Skelby. Faffaɗan dutsen da ake sauke akwatin gawa a huta yana nan har yau. Tumaki kaɗai ke bin hanyar yanzu.

Na sami Inna Muriel a lambu, ba laima, tana tsaye gaban amyoyin nan uku na katako. Biyu suna ƙugi a ciki. Ta ƙarshen shiru.

"Waɗannan sun tafi jiya," ta ce.

"Inna, Doreen ta ce..."

"Doreen bakinta ya fi shagonta faɗi." Ta share ruwa daga fuskarta. "Wilf yana zuwa, ɗan nan. Da yamma haka. Sai ƙofar can ta buɗe, ka ji sun ɗaga murya yadda suka saba yi masa. Su ba su san ya mutu ba. In na gaya musu, wajen wa zai zo?"

Na dubi ƙofar. A buɗe take. Ni na saka mata sakata jiya da hannuna, kuma babu iska. Ciyawar da ke tsakanin ƙofar da amyoyin ta kwanta, kamar an taka.

Ni ba gwanin magana ba ne.

"In suka tafi duka fa, Inna?"

Ta tsaya tana kallon amyar da ta yi shiru har ruwa ya soma ɗiga daga haɓarta. Can ta laluba aljihun rigar sanyinta ta ciro makulli. Ashe yana wurinta tun tuni. Ta ƙwanƙwasa murfin ta farko, ta ƙwanƙwasa na biyu.

"Wilf," ta ce. Sai bakinta ya ƙi.

Na jira ta. Da na ga ba za ta iya ba, na durƙusa kusa da amyoyin.

"Maigidanku ya rasu," na ce. "Baba Wilf. Inna Muriel ce da ku yanzu. Ku yi haƙuri ku zauna."

Ƙugin ya ɗauke ɗif, har ina jin rafi daga ƙasan titi. Sai ƙofar bayan lambun ta taho a hankali ta rufe kanta. Bayan ɗan lokaci ƙudan suka ci gaba, ƙasa-ƙasa.

Inna Muriel ta daɗe tana kallon ƙofar. Sannan ta juya ta shige gida, ko duba ni ba ta yi ba. Na ji ta murza makulli daga ciki.

Inda ta tsaya na ga baƙin ƙyalle a ciyawa, wajen ciro makullin ya faɗo. Na matse shi, na yaga biyu, na ɗaura wa kowace amya nata. Burodin ya ɗan jiƙe. Na ajiye shi a bakin taga ƙarƙashin rumfa, na kifa bokiti a kai saboda kyanwar maƙwabta.