Ƙararrawar Griet

A duk faɗin hamadar Kalahari babu inda dabba take rayuwa da cikakken 'yancinta kamar a gandun Meneer, wato Yallaɓai, Wikus Stander, inda hannun ɗan Adam bai taɓa komai ba tun ranar da aka halicci duniya. Haka aka rubuta a allon bakin ƙofa cikin harsuna uku, kuma Meneer da kansa yakan maimaita wa baƙi a barandar masauki, yana kallon jajayen tuddan yashi kamar shi ya jera su. Gandun dai kewaye yake da waya. Ruwan da dabbobin ke sha inji ne ke jawo shi, raƙuman dawan kuma a babbar mota aka kawo su daga gwanjo. Amma Meneer ba ya kiran wannan hannu, tsari yake ce masa.

Alfeus Gariseb ne ke fita da baƙi yawon keke. A gandun aka haife shi tun ana kiwon tumaki a wurin, kafin Meneer ya gano cewa Bature guda a kan keke ya fi garken tumaki riba, ga shi ba sai an yi masa allura ba. Kabarin mahaifiyar Alfeus yana bayan gidajen ma'aikata. Gidan da yake ciki da jikarsa na Meneer ne, har da ƙofar.

Abin da ke jawo baƙi kuwa ba raƙuman dawa ba ne, Griet ce. Macen mariri ce, wata irin babbar barewa mai ƙahoni miƙaƙƙu kamar mashi biyu. A shekarar fari Alfeus ya tsince ta a jikin waya, kusa da gawar uwarta, ya ɗora ta a kwandon kekensa ya kai gida. Da madarar akuyarsa ya raine ta, a kwalbar giya da ya ɗaura wa yatsan safar roba, kuma duk sa'ad da zai ba ta sai ya kaɗa ƙararrawar keken. Ya sa mata sunan Magrieta mai dafa abincin masauki, Griet a taƙaice, wai don dukansu suna da doguwar fuska da taurin kai. Ta girma ta koma cikin garke, amma ba ta manta ba. Ko daga bayan tudu ta ji ƙararrawa, sai ta taho a guje neman gutsuren burodi.

Meneer ya gani, ya yi lissafinsa. Ya sa aka cire ƙararrawar kowane keke sai na Alfeus. Idan an kai kwarin da garken ke kiwo, Alfeus zai ja baya ya kaɗa sau ɗaya, Griet ta fito ta jera da kekuna tana sukuwa, baƙi su yi ta ɗaukar hoto har wasu su yi ƙwalla, shi kuma ya saki burodin ta ƙasan hannu.

"A gaban baƙi ba ta da suna," in ji Meneer. "Ka ji ko? Dabbar daji ce. Ba ta san ka ba, ba ka san ta ba."

Alfeus ya ji. Shekaru suka yi ta wucewa a haka.

Sai ga Herr Ditmar Pohl, likitan haƙori daga Jamus, wanda ya zo da kekensa a akwati saboda bai yarda da keken kowa ba. Keke ne baƙi, mara nauyi, kuma a hannunsa na dama akwai ƙararrawa mai sheƙi.

Da safe Alfeus ya shiga kicin karɓar burodi. Magrieta na soya gurasar mai, ta ɗago ta dube shi, ta kira shi Oom, wato baffa, kamar kullum.

"Oom Alfeus, ina takwarata? An kwana biyu ba a ji labarinta ba."

"Ta haihu, 'yar'uwa. Ta ɓoye ɗan a ciyawa, ba ta nisa da shi."

"To ka gaishe ta. Ka ce mata ita ma ta shiga sahun masu wahala." Ta miƙa masa ƙarshen burodi. "Ka ga Bajamushen nan naka? Ya ce in auna masa gishirin da na sa a ƙwai."

"Kin auna?"

"Na ce masa da hannun uwata nake aunawa."

A waje Alfeus ya tsaya kusa da baƙin keken, ya cire hularsa a gaban Ditmar.

"Meneer, da za a cire ƙararrawar nan. A nan ba ma amfani da ita."

"Saboda me?" in ji Ditmar, yana shafa mai a hanci.

Gaskiya tana bakin Alfeus, amma Meneer Stander yana baranda yana shan kofi, kunnensa kuma bai taɓa ciwo ba.

"Tana firgita dabbobi, Meneer. Da sun ji sai su gudu."

"Ashe tana da amfani," in ji Ditmar, ya hau kekensa.

Suka fita su shida a kan hanyar yashi. Barewa na tsalle a gefe, jimina ta tsaya ta ƙare musu kallo da raini ta wuce. Ditmar bai san tafiyar ayari ba, ya yi gaba abinsa, har ya riga kowa gangarawa kwarin. Alfeus ya riga ya ƙudura yau ba zai kira Griet ba, mai jego a bar ta ta huta. Yana hawa tudun tare da wata tsohuwa mai haki, sai ya hango Griet a ƙasa, tsaye kusa da hanya, ta ɗaga kai tana kallon baƙin keken.

Ditmar ma ya gan ta, ya ga tsawon ƙahonin, ya tuna abin da aka gaya masa. Ya kaɗa ƙararrawa.

Griet ta taho. Ya ƙara kaɗawa da ƙarfi, ta ƙara sauri. A rayuwarta ba a taɓa kiran ta da naci irin wannan ba, ga yunwar shayarwa. Ditmar ya yi ta kaɗawa har tayar gaba ta nutse a yashi, keken ya watsar da shi. Ta iso ta tsaya a kansa tana cusa hanci a aljihunsa, ƙahonta ya ja rigarsa ya yage ta daga kafaɗa. Da ba ta samu komai ba sai ta yi atishawa a fuskarsa, ta juya wurin Alfeus da ya iso yana haki. Ya saki burodin ta ƙasan hannu, kamar kullum. Ta ɗauka ta tafi.

Ƙashin kafaɗar Ditmar ya goce a faɗuwar, gwiwarsa ta kuje. Kafin a kai shi masauki, a labarin da yake bayarwa, ƙahon ya wuce wuyansa da faɗin yatsa. Kafin a gama ɗaure kafaɗar ya kama ƙahon da hannu biyu sun yi kokawa. Da aka zauna cin abincin rana, idanunta jajaye ne. Sauran baƙin da suka hango daga kan tudu suka tabbatar, domin kowa na son ya koma gida da labari. Daga nan Ditmar ya ajiye cokali, ya yi maganar lauyansa, ya yi maganar abin da zai rubuta don duniya ta karanta, ya ce dabba irin wannan ba a barin ta kusa da mutane.

Meneer Stander ya kira Alfeus bayan rumfar kekuna.

"Wa ya ce masa ya kaɗa?"

"Ni na ce masa tana korar dabbobi, Meneer."

"Kai ka jawo ke nan."

"Meneer, a gaya masa gaskiya. Burodi take nema. In ya ga tana ci a hannuna zai yi dariya, magana ta wuce."

"Zai yi dariya?" Meneer ya gyara hularsa. "Mutumin da ya yi kokawa da dabbar daji, ka ce masa akuyar gida ce ta lalube shi? A gaban matan can? Sannan gobe duniya ta ji cewa Stander na sayar wa mutane ɗan maraƙin kwalba a matsayin daji. In dabbar daji ce, tsautsayi ne, ya sa hannu a takarda tun da ya zo. In tamu ce, laifinmu ne. Ka gane?"

"Tana da ɗa, Meneer."

"Kai ma kana da jika. Tana jin daɗin gidan nan, ko? Na ga ta shuka kabewa a bayan ɗaki." Ya dafa kafaɗar Alfeus, cikin taushin murya. "Ni ma ina son ta, Alfeus. Ta fi kowa aiki a gandun nan. Ɗauko kekenka."

Da la'asar suka fita, Alfeus a keke, Meneer a mota da bindiga, Ditmar a gefensa da hannu a rataye, domin ya ce yana so ya ga ƙarshen abin da idonsa. Suka tsaya a kan tudu. Garken na can nesa, inda harsashi ba zai kai ba.

"Dabbobin nan wayo gare su," Meneer ya ce wa baƙon. "Sai mai sa ido irin Alfeus. Jininsu ne, Herr Pohl, ba a koyon sa a makaranta. Zai zagaya ya koro mana ita."

Alfeus ya gangara, ya zagaya bayan wata bishiyar ƙaya inda motar ba ta ganin hannunsa. Ya daɗe a tsaye. Ya duba waya can gabas, ya duba ta yamma, duk inda ya duba waya ce. Sannan ya sa babban yatsa ya kaɗa sau ɗaya, a hankali, kamar mai fatan kada a ji.

Ta ji. Ta bar garken ta taho da ɗan gudunta na jin daɗi, kunnuwa a gaba. Ya sa hannu a aljihu, sai ya tuna burodin ya ƙare tun safe. Meneer gwani ne, harbi ɗaya ya yi.

Ditmar ya sauko ya tsaya nesa kaɗan, sai da aka tabbatar masa ta mutu, sannan ya matso ya dafa ƙahon da lafiyayyen hannunsa. Alfeus ne ya ɗauki hoton. Sai da ya sake, don a na farko Ditmar ya rufe ido. Meneer ya ce ƙahonin kyauta ne daga masauki, za a wanke a aika masa har gida, kuma daga nan ba a ƙara jin maganar lauya ba.

Wajen ɗora ta a mota madara ta ɗiga a bayan hannun Meneer. Ya duba hannun, ya duba hantsar, fuskarsa ta washe.

"Af, ka ce tana da ɗa. Ka san inda yake?"

"Na sani, Meneer."

"To madalla. Baƙin Faransa na zuwa baɗi, ba za mu nuna musu yashi kawai ba. Ka je ka ɗauko shi kafin dila ya riga ka. Akuyarka na da nono ai?"

A kicin Magrieta ta karɓi cinyoyin. Ta yanka na gashi domin teburin baƙi, ta ware na kilishi, ta zuba kayan ciki a bokiti, rabon ma'aikata kamar yadda aka saba. Da ta zo kan kason Alfeus sai ta tsaya da wuƙa a hannu.

"In sa maka, Oom?"

"Sa wa yarinyar. Ba ta san na wace ce ba."

A baranda ana ta dariya, Ditmar na nuna yadda ya riƙe ƙahon, Meneer na bayyana wa tsohuwar nan cewa daji ba ya da tausayi, kuma wannan shi ne kyansa.

Rana ba ta gama faɗuwa ba Alfeus ya dawo da ɗan a kwandon keke, ƙafafunsa sun yi wa kwandon tsawo. Ya tatsi akuyar, ya juye madarar da jikarsa ke shan shayi da ita a kwalbar giya, ya ɗaura yatsan safar roba. Jikar ta tsuguna kusa da shi.

"Kaka, wane suna za mu sa masa?"

"Ba shi da suna," in ji Alfeus.

Ɗan ya ƙi kama kwalbar, yana ta waige-waige. Alfeus ya jira har ya gaji da waigen, sannan ya miƙa hannu ya kaɗa ƙararrawar.